Kalmomin Hawa Da Tashi A Turanci, Da Inda Su Ke Ka Da Akawu

Akwai wani labari da mu kan ba ɗalibanmu a kwalejin horon malamai kowace shekara, tun ba su fara koyon rubuta wasiƙar ofis da Turanci ba. Abin ya faru ne a wani ofis da muka taɓa zama, ba sai mun faɗi sunansa ba. Wani akawu, yaro mai ƙwazo, aka sa shi ya rubuta rahoton wata uku game da waɗansu ƙauyuka. A cikin watannin nan mutanen ƙauyukan sun haƙa rijiya biyu da aikin gayya, sun gyara hanyar kasuwa, sun kuma kai 'ya'yansu makaranta ba tare da an yi ta fama da su ba. Akawu ya ji daɗin abin, ya so ya shaida wa manya cewa mutanen nan suna ci gaba. Sai ya ɗauki alƙalami ya rubuta, "The people of these villages are now rising." Takarda ta isa babban ofis da azahar. Kafin la'asar sai ga mutum an aiko a kan babur, ya zo ya ji ko lafiya, wa ya ta da fitinar, mutum nawa kuma aka ji wa rauni.

Yaron nan bai yi ƙarya ba, nahawunsa kuma daidai ya ke. Kalma ce ta ka da shi. A Turanci in aka ce hayaƙi ko ruwan kogi yana "rising", to, hawa sama a ke nufi. Amma in aka ce jama'ar gari suna "rising", tawaye ke nan, watau sun ɗauki makamai sun tasam ma hukuma. Da wannan suna Turawan mulki suka rubuta labarin yaƙin Satiru na ƙasar Sakkwato a cikin 1906, da shi kuma a ke kiran boren da mutanen Ailan suka yi wa Ingila a birnin Dublin a cikin 1916. Da akawun ya ce mutanen suna "making progress", da babur bai ƙone mansa a banza ba.

Abin da ya ke ruɗa mu shi ne mun ɗauki kalmomin Turanci na hawa da tashi da ƙaruwa kamar goro a ƙwarya, kowanne hannunka ya taɓa goro ne. Alhali kuwa kama da wane ba ta wane ba ce. Waɗansu kalmomin suna faɗar wanda ya ɗaga abin, waɗansu suna ɓoye shi. Waɗansu yawa kaɗai su ke aunawa, ba ruwansu da kyau ko muni. Waɗansu na fada ne, waɗansu na kasuwa. Malamin da ya koya wa yara su duka da fassara guda ya haƙa musu rami, akawun da ya ɗauke su ɗaya kuwa wata rana zai sa hannu a kan maganar da bai yi nufin faɗa ba.

Tashi da tayarwa

Bari mu fara da tagwayen da suka fi kowa wahalar da mu, watau "rise" da "raise". Abin mamaki, Bahaushe ne ya kamata ya fi kowa saurin gane su, gama harshenmu ya riga ya raba su tun tuni. Mu kan ce yaro ya tashi, mu kan kuma ce uwa ta ta da yaro. Mu kan ce baƙo ya zauna, mai gida ya zaunar da baƙo. Majinyaci ya kwanta, likita ya kwantar da shi. A cikin kowane biyun nan, na farko abin da kansa ya yi, na biyu wani ne ya yi masa. To, haka "rise" ya ke tashi, "raise" kuwa tayarwa ko ɗagawa. Haka kuma "sit" da "set", da "lie" da "lay", da "fall" da "fell", wanda a ke faɗa wa mai sare itace ya ka da shi.

Gwajin da mu kan ba ɗalibai mai sauƙi ne. In ka rubuta "raise", tsaya ka tambayi kanka: an ɗaga me? In akwai amsa, hannu ko tuta ko kuɗin haraji, ka yi daidai. In babu amsa, "rise" ka ke nema. Sa'an nan a kiyaye yadda su ke juyawa: na ɗaya "rise, rose, risen", na biyu "raise, raised, raised". Babu wata kalma "rised" a Turanci, ko da ya ke mun gan ta a takardun jarrabawa fiye da yadda za mu iya ƙirgawa.

Kada wani ya ce wannan ƙa'idar 'yan aji ce kawai. Ku duba maganganun nan biyu. "School fees have risen." "The headmaster has raised the school fees." Ta farko labari ce, ta ce kuɗin makaranta ya hau, ba ta kama sunan kowa ba. Ta biyu ƙara ce, ta ɗora wa shugaban makaranta alhakin abin. Akawun da ya rubuta ta biyu alhali hukuma ce ta yi ƙarin, ya jawo wa bawan Allah takardar tuhuma. Haka nan kuma ta ɗaya gefen: mai wayo ya kan fake da "rise" in ba ya son a san hannunsa ne a ciki. In ka karanta sanarwa ta ce "charges will rise", kada ka zaci kuɗin ne zai yi fiffike ya tashi da kansa. Akwai wanda ya zauna a ofis ya ƙara shi, ya kuma zaɓi kalmar da ba za ta nuna shi ba. Mai karanta Turanci da basira ya kan lura da wannan.

Su kansu masu harshen ba bakinsu ɗaya ba a kan sunan ƙarin albashi. Mutanen Ingila su kan ce "a rise", na Amurka su ce "a raise". Mu da muka gaji Turancin ofis daga Ingila, na farkon ya fi dacewa da takardunmu. Haka reno: a Ingila an fi cewa "bring up", a Amurka "raise", kalmar da Baturen Ingila na da ya fi ajiye wa shanu da kaji.

Akwai ɗan'uwansu na uku, "arise". Shi ba ya ɗaukar abu mai nauyi da a ke gani da ido, sai magana, ko matsala, ko dama. Fassararsa da Hausa ba ta da wuya ko kaɗan, ita ce tasowa. Kowane akawun da ya taɓa rubuta bayanin taro ya san kan maganar nan "matters arising", watau batutuwan da suka taso daga zaman da ya wuce. In zama ya ƙare kuwa, na kotu ko na majalisa, a kan ce "the court rose", daidai da yadda mu kan ce an tashi. A nan harsunan biyu sun bi hanya ɗaya. Inda suka rabu shi ne wajen rana, gama Bature ya ce "the sun rises", mu kuwa rana fitowa ta ke yi. Wajen kogi ma akwai tarko ga malamin labarin ƙasa. In littafi ya ce "the Niger rises in Guinea", ba ambaliya ya ke nufi ba, mafarin Kogin Kwara ya ke faɗa maka, a tsaunukan ƙasar Gini, kamar yadda Binuwai ya faro daga tuddan Adamawa na ƙasar Kamaru. Amma in mai gadin gada ya aiko ya ce "the river is rising", to, kogi ya kawo, a kwashe kaya daga fadama.

Ba za mu wuce nan ba sai mun ambaci lafazi. Bakinmu ya kan mai da sautin ƙarshen "rise" ya zama na "rice", shinkafa ke nan, "raise" kuma ya zama "race", watau tsere. Malami ya gwada yi wa 'yan ajinsa shifta da wannan: "The price of rice will rise." Zai sha mamakin abin da zai gani a littattafansu.

Dalilin yawan kalmomin

Me ya sa Turanci ya tara kalmomi haka a kan abu guda? Tarihin ƙasar Ingila ne ya jawo. "Rise" da "climb" na asalin harshen ne, tun na kakanninsu. A ƙarni na 9 mayaƙan jiragen ruwa daga ƙasashen Denmak da Norwe suka mamaye arewaci da gabashin Ingila suka zauna, daga bakinsu aka sami "raise" da "lift". A cikin 1066 Wiliyam na Nomandi ya ci ƙasar da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da na shari'a har shekaru aru-aru, daga nan "mount" da "advance" da "increase" da "improve" suka shigo. Malaman coci da na jami'a kuma suka yi ta ɗebo kalmomi daga Latin, irin su "ascend" da "elevate" da "promote". Saboda haka kalmomin suka jeru hawa-hawa, ta gida a ƙasa, ta fada a tsakiya, ta malamai a sama. Mu ma mun san irin wannan, gama kalmar da muka aro daga Larabci ta kan fi ta gida kwarjini a bakin mai wa'azi ko alƙali, ko da ma'anarsu ɗaya.

Mu da Hausa kalma guda ta ishe mu: a hau doki, a hau dutse, a hau mota, a hau gadon sarauta. Bature sai ya raba su. Doki "mount", dutse "climb", mota "get on" ko "board", gadon sarauta "ascend". Shekarar 1953 ta ba da misali mai kyau. A ran 29 ga Mayu, Edmund Hillary da Tenzing Norgay suka kai ƙololuwar Dutsen Everest, wanda ya fi kowane dutse tsawo a duniya, labarin kuwa ya bazu a London da safiyar 2 ga Yuni, ranar da aka naɗa wa Sarauniya Elizabeth ta Biyu kambi, ita da ta gaji mahaifinta tun Fabrairun 1952. Su biyun nan "climbed" suka yi, da hannu da ƙafa da igiya da haki. Ita kuwa "ascended the throne". In ka ce Sarauniya "climbed the throne", ka sa ta tattare riga tana dafa kujera kamar yaro a kan katanga. Haka ɗalibin da ya rubuta mana "I climbed a lorry to Kano", mai karatu zai zaci a kan rufin motar ya yi tafiyar. Ko da ya ke, mun san motocin kasuwa, wataƙila gaskiya ya faɗa.

Shawararmu ga akawu a nan ita ce ya riƙi ƙaramar kalma in ta isa. Mun sha ganin wasiƙar neman gyaran rufin aji an cika ta da "ameliorate" da "elevate", don a ce mai ita ya yi karatu. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Wanda zai karanta takardar yana da guda hamsin a gabansa, wadda ya fahimta da kallo ɗaya ita zai fara amsawa.

Matakalar albashi

Yanzu ga inda maganar ta shafi aljihu. Kalmar daraja da mu ke faɗa kullum, a Larabci asalinta matakin bene ne. Haka "grade" a Latin taki ne, "scale" na albashi kuma tsani. Ashe duk inda aka je, mutane da tsani su ke kwatanta girma. A Nijeriya, bayan kwamitin da Cif Jerome Udoji ya shugabanta ya miƙa rahotonsa a cikin 1974, aka jera ma'aikatan gwamnati bisa matakai 17, kowane mataki kuma da ƙananan takunsa a ciki.

A kan tsanin nan akwai kalmomi huɗu da ba su kamata su cakuɗe a bakin ma'aikaci ba. "Increment" shi ne ɗan ƙarin shekara-shekara, kana nan a matakinka, aikinka bai sake ba. "Promotion" ƙarin girma ne, an ɗauke ka daga wannan muƙami an kai ka na sama da shi. Kalmar daga Latin ta ke, ma'anarta tura abu gaba, shi ya sa mutum ba ya yi wa kansa. A kan ce "I was promoted", ko yaro "was promoted to the next class". Wanda ya rubuta "I want to promote" ya bar magana a rataye, mai karatu yana jira ya ji wa zai ƙara wa girma. "Upgrading" kuwa kujerar a ke ɗagawa, ko makarantar, ko asibitin, duk wanda ke kai ya tashi tare da ita ko da bai yi wani abin kirki ba.

Ta huɗu ita ce mai haɗari. "Advancement" ci gaban mutum ne a wajen aiki, amma "advance", in a kan kuɗi a ke magana, shi ne abin da muka ara muka ce adibas, watau a ba ka wani abu daga albashinka tun wata bai yi ba, a cire daga baya. Mun san wani malami da ya shekara bakwai a mataki ɗaya, ya zauna ya tsara wasiƙa mai ban tausayi yana roƙon "an advance" saboda daɗewarsa da biyayyarsa. Aka tausaya masa, aka ba shi rancen albashin wata ɗaya, aka yi ta yanka har wata uku. Haruffa huɗu da ya bari a ƙarshen kalma su suka mai da roƙon girma ya zama cin bashi.

Zamanin Udoji ɗin nan ma ya isa darasi a kan tagwayenmu na farko. A cikin 1975 aka biya ƙarin albashi tare da ariyas, kuɗi ya cika hannun ma'aikata, kafin a ce haka kayan kasuwa sun yi tashin gwauron zabi. Gwamnati "raised" albashi, farashi kuwa "rose". Na farkon an san wanda ya sa hannu. Na biyun, ka je kasuwa ka tambaya, kowane ɗan tireda zai nuna maka na gabansa.

Yawa dabam, kyau dabam

In da za a ce mu zaɓi abu ɗaya da mu ke so kowane malami ya fita da shi daga wannan shafi, to, bambancin "increase" da "improve" ne. "Increase" ƙaruwa ce, ta lissafi, abin da a ke ƙirgawa ko a auna. Dukiya ta kan yi "increase", bashi ma haka, yawan ɗalibai haka, yawan masu ƙyanda haka. "Improve" kuwa gyaruwa ce da inganta, kuma a cikin dukan kalmomin da muka ambata ita ce ba ta zuwa sai da alheri. Saboda haka ba a cewa yawan marasa lafiya ya yi "improve" in ƙaruwa a ke nufi, gama mai karatu zai fahimci sun ragu. Abu ya kan yi "improve" ta hanyar sauka ƙasa ma, kamar zazzaɓin da ya sauka.

Mun daɗe muna karanta rahotannin makarantu, kuma mun lura wannan kuskure ba kullum ne na rashin sani ba. Shugaban makaranta ya rubuta "the school has greatly improved", ka je ka duba, sai ka tarar abin da ya faru shi ne yara sun tashi daga 200 sun koma 350, malamai kuwa suna nan su shida, allo ɗaya ya tsage, 'yan aji huɗu ba su iya karanta sunansu ba. Wannan makaranta "increased" ta yi, kuma wajibi ne a rubuta haka, don wanda ke sama ya san malamai da kujeru a ke bukata. In ka ce masa ta inganta, sai ya yi maka barka ya juya ga wata. Kai da kanka ka rufe ƙofar taimako da kalma guda.

Ƙasar nan ta ga wannan a fili. A cikin Satumba 1976 Gwamnatin Tarayya ta buɗe shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowane yaro, wanda aka sani da UPE. Yara suka kwararo fiye da yadda aka yi lissafi, aka yi aji a gindin itace, aka horar da malamai cikin gaggawa. Babu mai musun cewa yawan 'yan makaranta ya yi "increase" ƙwarai, wannan kuwa abin alheri ne, gama dubban yaran da da ba za su taɓa riƙe fensir ba sun riƙe. Amma ko karatun ya yi "improve", wannan tambaya ce dabam, wadda malamai suka yi shekaru suna gardama a kanta. Taron tsintsiya ba shara, in ji masu iya magana. Harshen da ya ba ka kalma biyu don ka raba waɗannan abubuwa ya yi maka gata, kada ka mai da su ɗaya.

Ita kanta "improve" tana da tarihin da ya kamata a sani. Daga tsohon Faransanci ta fito, daga wata kalma mai nufin riba, kuma da fari a kan gona a ke faɗarta, watau a sarrafa ƙasa ta ba da amfani. A ƙarni na 18 manyan masu ƙasa na Ingila suka yi ta shinge filayen da talakawan ƙauye ke kiwo a ciki tun kaka da kakanni, da izinin majalisar dokoki, suna kiran aikin "improvement". Amfanin gona ya ƙaru, gaskiya ne, amma talakawa da yawa sun rasa makiyaya, suka koma 'yan ƙodago ko suka nufi birni. Don haka in takarda ta zo ofis da wannan kalma a kanta, ba laifi akawu ya tambaya a ransa, gyaran na wa ne.

"Develop" da "progress" da "advance" su ne mu kan fassara da ci gaba ko raya ƙasa, tun zamanin da majalisar Ingila ta yi dokar 1940 ta ba da kuɗin raya ƙasashen da ke ƙarƙashinta, wadda sunanta ke ɗauke da kalmar "development". Amma a kula, su ukun nan ba su yi rantsuwa za su zo da alheri kullum ba. Asalin "develop" warware abin da aka naɗe ne, abin da ke cikin ƙunshin kuwa ya iya zama kowane iri. Likita ya kan ce yaro "developed a fever", zazzaɓi ya kama shi ke nan. In ya ce cuta ta yi "progress", ko ta kai "advanced stage", ba albishir ya ke yi maka ba.

Sauran kalmomin sauri su ke aunawa. "Creep up" hawa ne a hankali kamar rarrafe, ba ka ankara ba sai ka ga abu ya yi nisa. "Shoot up" da "rocket" tashi ne farat ɗaya. "Soar" daga tsuntsu aka ɗauko ta, irin shawagin shirwa can ƙololuwa, kuma a kan faɗe ta ga farashi da zafin rana. "Surge" tunkuɗowa ce irin ta igiyar ruwa ko ta taron jama'a a bakin ƙofa. Kada a sa su a rahoto sai abin ya kai, gama wanda ya ce kuɗin gero ya yi "soar" don an ƙara naira biyar, ran da ya ninka ba shi da sauran kalma.

Ƙaramarsu a shekaru ita ce "escalate", kuma daga na'ura aka haife ta. Wani Ba'amurke, Charles Seeberger, shi ya raɗa wa matakalar nan mai tafiya da kanta suna "escalator", kamfanin Otis ya nuna ta a babban bajekolin birnin Paris a cikin 1900. Sunan mallakar kamfani ne har 1950, sa'ad da hukuma a Amurka ta yanke cewa ya riga ya zama kalmar kowa. Daga sunan aka yanko aikatau, a zamanin da Amurka da Rasha ke zaman doya da manja, da lokacin yaƙin Biyetnam, ya zama kalmar rikicin da ke hawa mataki-mataki, kowane ɓangare yana ƙara wa na ɗaya. Har yanzu ga rigima da tsada ta fi zama. Kada malami ya rubuta cewa ƙoƙarin ɗalibansa ya yi "escalate".

Akwai kuma 'yar ƙaramar kalmar nan "up", wadda yara su kan haddace da ma'anar sama, su tsaya nan. Sau da yawa ba ta da alaka da sama ko kaɗan, ƙarewa ta ke nunawa. "Use up" cinyewa ne ƙurmus, "give up" sallamawa, "time is up" lokaci ya cika, makaranta kuma in ta yi "break up" hutu aka tafi, ba rushewa ta yi ba.

Saura abu guda, na masu riƙe da littafin kuɗi, shi ne "by" da "to". A ce kuɗin rumfar kasuwa naira 500 ne. In aka rubuta "raised by 200", an ƙara 200 ke nan, ya zama 700. In aka rubuta "raised to 700", an faɗi inda ya tsaya. Amma wanda ya gauraya su ya rubuta "raised by 700", ya mai da kuɗin 1,200, kuma in takardar ta fita da hatimi a kanta, haka mai karɓar kuɗi zai karɓa, sai an yi wata takardar kafin a warware. Da Hausa ba ma ruɗewa tsakanin ya ƙaru da kaza da ya kai kaza, saboda haka akawu ya fara faɗar maganar da Hausa a ransa tukuna, sa'an nan ya zaɓi "by" ko "to".

Ga malaman aji kuwa, hanyar da muka ga ta fi ci ba ta bukatar littafi. A sa yaro ɗaya ya miƙe, aji su ce "he rises". A sa wani ya ɗaga hannu, su ce "he raises his hand". A kawo kwano da mudun gero, a zuba kaɗan a ƙara, su ce "it has increased". Sa'an nan a ba yarinya ɗaya faifai ta sheƙe geron nan ta tsince tsakuwa, a mayar cikin kwano. Zai ragu a ido, kowa ya gani. A tambaye su wace kalma ce ta dace da shi yanzu, a ƙyale su su yi gardama har su kai ga "improved" da kansu.